Kada Mu Ɓalle Ƙofa Don Mabuɗi Ya Ƙi

A hutun da ya wuce ɗaya daga cikinmu ya je gida Jabo, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal, ya dawo da labarin da muka ga ya wajaba mu yi magana a kansa. A wani ofishi na yankin an ba wani matashin ma'aikaci kwamfutar hannu, irin wadda ake kira tabilet, domin ya riƙa aika rahoton aikinsa ta intanet. Ran nan sai na'urar ta ƙi kama Wi-Fi ɗin ofis. Wasu suka ce a kai ta Sakkwato wurin masu gyara, wasu suka ce ai ta riga ta mutu. Daga ƙarshe wani ya kawo shawarar da kowa ya yi na'am da ita, watau a cire kalmar sirrin gaba ɗaya a huta. Ashe tun kwanan baya aka sake kalmar, ita kuwa na'urar tana nan riƙe da tsohuwar. Gyaran bai ci minti biyu ba, amma rahoto ya yi makonni a aljihun tebur.

Jinkirin abin takaici ne, amma shawarar nan ta fi tayar mana da hankali. Mutumin da mabuɗinsa ya ƙi juyawa ba ya ɓalle ƙofar gidansa ya kwana a buɗe. Wi-Fi marar kalmar sirri kowa na iya hawa, daga mai shayi na bakin hanya har ɓarawon da ke neman bayanan jama'a, ga kuma kuɗin data da za su zurare. Ofishin da ke riƙe da sunayen marasa lafiya, ko na ɗalibai, ko na manoma, amana ce a hannunsa.  Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da irin waɗannan bayanai nauyin tsare su.

To, mene ne abin yi? A bi abin daki-daki. Da farko a gwada wata waya a kan Wi-Fi ɗin. In ita ma ta ƙi, laifin ba na tabilet ba ne, sai a koma ga akwatin da ke raba intanet, watau rauta, a kashe shi a sake kunnawa. In kuwa wayar ta kama, sai a shiga saitin tabilet a umarce ta ta manta da wannan Wi-Fi, sa'an nan a sake rubuta kalmar sirri a natse. Kalmar ba ta gaza harafi 8, kuma babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurinta. Sifiri da harafin O sun sha yaudarar mutane.

Idan duk da haka ta ƙi, sai a duba irin kullen da aka sa wa rautar. Kullen farko, WEP, ya fito a 1997, masana suka gano lagonsa a 2001. WPA2 ya zo a 2004, WPA3 kuma a 2018. Tsohuwar tabilet ba ta jin yaren WPA3, domin na'urorin Android sai daga fitowa ta 10, a 2019, suka fara saninsa. Magani shi ne a saita rautar ta karɓi WPA2 da WPA3 tare, kada a koma wa WEP ko a bar ta a buɗe. Haka kuma Wi-Fi galibi yana tafiya a zango biyu, na 2.4 da na 5 gigahaz. Kamar yadda rediyo mai matsakaicin zango kaɗai ba ya kama tashar gajeren zango, haka wasu ƙananan tabilet ba sa ganin zango na 5 ko kusa. Bugu da ƙari, ƙananan rautocin aljihu suna da iyakar na'urorin da suke ɗauka, in sun cika, wanda ya zo daga baya sai ya jira. A duba kwanan wata da agogon na'urar kuma, domin in sun kauce, za ta nuna ta haɗu amma shafuka masu tsaro su ƙi buɗewa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar digiri, hankali da natsuwa kawai yake so. Babban darasin shi ne a san inda cuta take kafin a ba da magani. Ƙasar nan ta ga haka a zaɓen 25 ga Fabrairu 2023, sa'ad da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya ƙi hawa shafin hukumar zaɓe a kan kari daga na'urorin BVAS. Daga baya hukumar ta bayyana cewa matsalar daga tsarin babbar kwamfutarta ta taso. Watau na'urar da ke hannu ba kullum ce mai laifi ba.

Saboda haka muna kira ga hukumomi da ƙungiyoyin da ke raba waɗannan na'urori a karkara, daga Tambuwal har Kebbe, su daina miƙa kaya su juya baya. Kowace na'ura ta zo da horo, da takarda guda cikin Hausa mai bayyana matakan nan, da lambar wanda za a kira in abu ya cije. A kowane ofishi a ɗora wa mutum ɗaya alhakin kalmar sirri, in ya sake ta ya sanar da abokan aiki a ranar.

Mu kuma ɗalibai da sababbin ma'aikata, lalle ne mu tuna cewa da dukiyar talakawa aka ilmantar da mu. In mun je gida hutu aka miƙo mana na'urar da ta ƙi, kada mu gyara a ɓoye don a ce mun iya. Mu zaunar da mai ita mu nuna masa, har ya yi da hannunsa. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Allah ya sa mu zama masu riƙon amana, amin.