Kayen White Sox: Laifin Wane Ne?

Na san wasan besbol, wato ƙwallon nan da Amurkawa ke bugawa da kulki, ba ruwan yawancinmu da shi. To amma abin da ya sami ƙungiyar White Sox ta birnin Cikago a shekarar 2024 ya isa a tsaya a kai. Cikin wasanni 162 da ta buga, 41 kawai ta ci, aka lallasa ta sau 121, har da kaye 21 a jere. Tun daga 1900 babu ƙungiyar da ta sha kaye haka a kaka ɗaya. Cikin watan Agusta aka sallami kociya Pedro Grifol, kamar dai shi ne tushen cutar.

Ni kuwa a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Tun kafin a fara kakar, mahukuntan ƙungiyar suka musanya gwanin jifansu Dylan Cease, ya koma San Diyego, sannan a tsakiyar kaka suka sake rabuwa da wasu gwanayen. Wanda ya kwance wa mahayi sirdi ba ya da bakin zarginsa idan ya faɗi.

Wannan ba sabon abu ba ne. A 1899 'yan'uwan nan Robison sun mallaki ƙungiyoyi biyu, ta Kilibilan da ta San Luwis. Sai suka kwashe zaratan Kilibilan, har da shahararren ɗan jifa Cy Young, suka kai su San Luwis. Ragowar suka ci wasa 20, suka sha kaye 134. 'Yan kallo suka ƙaurace, har ƙungiyoyin baƙi suka daina zuwa garin, domin kuɗin ƙofa bai isa ya biya musu jirgin ƙasa da masauki ba. Daga wannan kaka ƙungiyar ta mutu.

Abin da ke ba mai ƙungiya ƙarfin hali shi ne tsarin kansa. A tamaular da muka sani, wanda ya zo kurar baya sai ya gangara ƙaramin rukuni. A besbol ɗin Amurka babu gangarawa. Hasali ma a da, na baya shi ke fara zaɓen sababbin matasa. Houston Astros ta sha kaye fiye da ɗari a kowace shekara daga 2011 zuwa 2013, ta yi ta samun zaɓin farko, ta ɗauki kofi a 2017. Dole ta sa aka shigo da ƙuri'a a zaɓen matasan don rage wannan dabara.

Wani zai ce ai Mets ta Niyo ta sha kaye 120 a 1962, jama'a kuma ba su guje ta ba. Gaskiya ne. Sai dai ita jaririya ce a shekarar, an haɗa ta da waɗanda wasu ƙungiyoyi suka yar, a garin da ke kewar Dodgers da Giants da suka ƙaura bayan 1957. Kowa ya ga iyakar ƙarfinta ke nan, ba wanda ya ji an yaudare shi. A 1964, tana ƙarshen teburi, ta fi Yankees tara 'yan kallo, a 1969 kuma ta ɗauki kofi.

'Yan kallon Cikago ma sun gane bambancin. A wasannin ƙarshe na 2024, ihun da suka riƙa yi a filin, ga mai ƙungiya Jerry Reinsdorf suka nufe shi: ya sayar da ita.