Duniyar Kimiyya: Tsiro Mai Shan Guba, Amma Ba Ya Jure Sanyi

A wannan mako za mu leƙa wani tsiro da masana ke kira Pteris vittata. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya, ganyensa kuwa kamar na dabino ne amma ƙanana. A shekarar 2001 ne Malama Lena Ma ta Jami'ar Fulorida a Amurka, ita da abokan aikinta, suka ba da labarin cewa tsiron nan yana zuƙe gubar asinik daga ƙasa ya tara ta a ganye. Sun tarar da shi yana ta yabanya a wani fili inda maganin hana katako ruɓewa ya gurɓata ƙasa. A gwajin da suka yi, gubar ta kai fiye da kashi 2 cikin 100 na nauyin busasshen ganyen, alhali kaɗan daga cikin wannan ya isa ya kashe yawancin tsire-tsire.

To, dabarar ita ce a shuka shi a gurɓataccen wuri, a riƙa yanke ganyen ana kwashewa. Sai dai fa tsiron ɗan ƙasashen zafi ne. Da sanyi ya kama, girmansa yakan tsaya, jan ruwa daga saiwa zuwa ganye ya ragu, gubar ma ta daina hawa. In raɓa ta daskare a kansa kuwa, ganyen mutuwa yake yi.

Nan ne babbar matsalar take. Asinik ɗin da ke cikin ganyen mai narkewa ne a ruwa. Saboda haka in aka bar matattun ganyaye a fili, ruwan sama zai wanke gubar ya mayar da ita cikin ƙasa, wahalar damina guda ta tashi a banza. A ganina, sanin ranar yanka ya fi yawan shuka muhimmanci.

Haka aka yi a unguwar Spring Valley ta birnin Washinton, inda sojoji suka gwada makamai masu guba lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga 2004 aka riƙa dasa tsiron a gidajen mutane bayan sanyi ya wuce, a girbe kafin ya dawo. A arewa maso gabashin Japan kuma, inda ambaliyar teku ta 2011 ta bar laka mai asinik, masana sun gwada ɗan'uwansa Pteris multifida, wanda ya fi shi jure hunturu.