Makon Wasanni: A Ba Tseren Taswira Wuri

Duk shekara idan makon wasanni ya zo, abu ɗaya ne: ƙwallon ƙafa tsakanin dipatman-dipatman, sai gudun mita 100, shi ke nan. Mutum 22 na cikin fili, mu sauran muna gefe muna ihu. Wannan ne makon wasannina na ƙarshe a makarantar nan, don haka bari in faɗi abin da ke raina kafin in tattara kayana.

Akwai wani wasa da Turawa ke kira oriyantiyarin, ni tseren taswira nake ce masa. Ana sakin 'yan tsere ɗaya bayan ɗaya, da tazarar minti ɗaya ko biyu. Sai lokacin tashi ake miƙa maka taswira, an zana da'ira a kowane wurin da aka kafa tuta mai launin ruwan lemo da fari. Dole ka bi tutocin bi da bi, ka yi shaida a kowace, amma hanyar da za ka bi kai za ka zaɓa. Ka tsallake tuta ɗaya, an cire ka, ko da ka riga kowa isowa. Ba a yarda da GPS ba, daga taswira sai kamfas.

Wasan ya fito ne daga horon sojoji a Suwidin a ƙarshen ƙarni na 19. An yi gasar farko ta farar hula a Norwe a 1897, an kafa hukumarsa ta duniya a 1961, aka yi gasar duniya ta farko a Finland a 1966. A can Finland ɗin, tun 1949 suke yin Jukola, tseren karɓa-karɓa na mutum bakwai-bakwai da ake farawa cikin dare da fitila a goshi.

Ba a bidiyo kawai na tsaya ba. Zangon da ya wuce wani abokina ɗan sashen safiyo ya zana mana taswirar gefen hostal, muka ɗaura tsummoki goma, mu tara muka gwada ranar Asabar. Ni da nake ji da gudu na fita da wuta, ban saita taswirar da arewa ba, na yi minti shida ina neman tuta ta huɗu a bayan ginin da ba shi ba ne. Wadda ta zo ta ɗaya wata 'yar ajinmu ce, wallahi rabin hanyar tafiya ta yi. Ita tana karantawa kafin ta ɗaga ƙafa, ni ina gudu kafin in duba. Na sha tsiya har Litinin.

Abin da ya sa nake son wasan ke nan. Wanda ba zai taɓa shiga tim ɗin ƙwallo ba, mace ko namiji, yana iya cin kofi a nan. Kuma mu faɗi gaskiya, yawancinmu in cajin waya ya ƙare a baƙon gari, mun ɓata. Ga shi kuma muna shirin watsuwa wuraren IT.

Na san za a ce daji ba lafiya yanzu. Haka ne, ni ma ba zan tura kowa daji ba. Ai akwai gajeren tseren da ake yi a cikin gari, tsakanin gine-gine, da taswirar 1:4,000, wato santimita ɗaya a takarda mita 40 ne a ƙasa. Zakarun duniya kan gama shi cikin kusan minti 15. Cikin katangar makarantar nan ya ishe mu. Kuɗi fa? Fotokwafi, yadin tuta, da biro mai launi daban a kowace tasha don kada a yi maguɗi. Bai kai kuɗin jesin tim ɗaya ba.

To Daraktan Wasanni na SUG, ga roƙona: a ba mu safiyar Asabar ɗaya. 'Yan safiyo su zana taswira, su ma sun samu aikin gwaji. Ni zan ɗauki nauyin kafa tutoci tun asuba. Tseren kuwa ba zan shiga ba, don wanda ya san inda tutocin suke ba ya shiga. Haka doka ta ce, ba wai tsoron 'yar ajinmu nake ji ba.