Ana zaton wuta a maƙera: fushin ƴan kallon Birtaniya a kan wasan Line of Duty

A daren Lahadi 2 ga watan Mayu na 2021, mutum miliyon 12.8 ne a ƙasar Birtaniya suka zauna gaban telebijin domin su ga kashi na ƙarshe na zango na shida na wasan kwaikwayon ƴan sanda mai suna Line of Duty, wanda gidan BBC ya fara nunawa tun shekara ta 2012. Fiye da rabin waɗanda suka kunna telebijin a wannan sa'a, shi suke kallo. Tambaya guda ce ta tara su: wane ne "H", babban jami'in nan da ake cewa shi ne uban gidan dukan ɓata-garin cikin ƴan sanda? Da aka ba su amsa, sai guna-guni ya tashi. Kafin gari ya waye ƙorafi ya cika intanet, washegari jaridu suka ɗauka. Wasu suka ce an yaudare su, wasu suka ce an ɓata musu shekaru a banza. Fushin nasu yana da dalili, kuma ya cancanci a saurare shi. Amma amsar da suka ƙi karɓa ita ce magana mafi gaskiya da wasan ya taɓa yi a kan cin hanci da rashawa, kuma abin da ya biyo baya a ƙasar tasu ya gaskata ta.

Ga wanda bai san wasan ba, labarinsa a kan wani sashe ne na ƴan sanda da ake kira AC-12, wanda aikinsa binciken ƴan sanda ƴan'uwansa. Mutum uku ne ginshiƙan sashen: shugabansu Ted Hastings, dattijo mai tsauri da riƙon ƙa'ida, sai mataimakansa biyu, Steve Arnott da Kate Fleming. Marubucin wasan, Jed Mercurio, likita ne kafin ya koma rubutu. A kowane zango yakan kawo jami'i guda da ake tuhuma, a zaunar da shi gaban tebur, a kunna na'urar ɗaukar magana, a dinga zaro masa takardu ɗaya bayan ɗaya har ƙaryarsa ta ƙare. Wannan zaman tuhuma, wanda kan ɗauki tsawon lokaci ba gudu ba harbi, shi ya fara jawo wa wasan suna, har a 2017 aka ɗauke shi daga tashar BBC ta biyu aka mai da shi ta ɗaya.

Maganar "H" kuwa ta samo asali ne daga wani gurɓataccen jami'i, Matthew Cottan, wanda aka harbe a ƙarshen zango na uku a 2016. Yana gargarar mutuwa aka tambaye shi sunan wanda yake yi wa aiki. Da yake ba ya iya magana, sai aka riƙa jero masa haruffa, ya ƙifta ido da aka zo kan harafin H. Daga nan ƴan kallo suka shiga lissafi. Shin mataimakin shugaban rundunar ne, Derek Hilton? Ko kuwa Hastings ne da kansa, tun da sunansa da H ya fara? A zango na biyar, cikin 2019, sai aka sake juya zancen: aka ce ashe Cottan yana ƙwanƙwasa yatsa ne da salon saƙon waya irin na da, inda ɗigo huɗu ke nufin H, watau mutum huɗu yake nufi. An san uku: shi Cottan, da Hilton, da wata lauya mai suna Gill Biggeloe. Saura na huɗu. Shekara biyu cur aka yi ana jiran sa.

Zato ya fi karkata ga manya. Akwai shugaban rundunar baki ɗaya, Philip Osborne. Akwai Patricia Carmichael, jami'ar da aka turo ta karya Hastings. Akwai Marcus Thurwell, tsohon jami'in da ya koma ƙasar Sipaniya, wanda aka nuna hotonsa da fuskar shahararren ɗan wasa James Nesbitt, jama'a suka ce lalle wannan shi ne, sai kuma aka tsinci gawarsa bai ce uffan ba. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Na huɗun shi ne Ian Buckells, wani jami'i da ƴan kallo suka sani tun zangon farko a matsayin malalaci, mai ɓata bincike, wanda ba a ambatar sunansa sai an yi tsaki. A lokacin ma yana tsare a gidan kaso a kan wata tuhuma daban. Abin da ya tona shi kuwa kuskuren rubutu ne: wata kalmar Ingilishi da yake sa mata "a" inda ya kamata a sa "i", aka same ta cikin saƙonnin miyagu, aka kuma same ta cikin tsofaffin rahotanninsa. Da aka zaunar da shi, bai nuna wata basira ta ɓoye ba. Bayaninsa shi ne, tun da aka kashe Tommy Hunter, uban gidan miyagun, ƙungiyarsu ta rarrabu, shi kuwa ɗan aike ne kawai mai isar da saƙo tsakaninsu yana karɓar ladansa, rundunar kuma tana ta ƙara masa galo.

To, a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Alkawari kaya ne, kuma wasan ne da kansa ya ɗauki alkawarin. Shi ya koya wa jama'a su ƙirga ƙiftawar ido da motsin yatsa. Shi ya cika zangunan baya-baya da harbe-harbe, da motocin da ake tarewa a kan hanya, da bayanin da ake juyawa a minti na ƙarshe. Ɗan kasuwar da ya shekara huɗu yana nuna wa mai saye samfurin shadda, ran kai kaya ya sauke masa akoko, ba zai tsira da cewa akoko ya fi ƙarko ba, ko da kuwa gaskiya ya faɗa. Haka kuma an bar tambayoyi da dama a rataye, kuma kashi na ƙarshen ya zo da sanyin jiki in aka gwada shi da na zango na uku, inda Cottan ya tsere daga ɗakin tuhuma ana ruwan harsashi. Mai cewa an yi gaggawar kwance abin da aka daɗe ana ƙullawa bai yi ƙarya ba.

Sai dai wannan ƙorafi a kan yadda aka ba da amsar ne. Ƙorafin da ya fi yawa kuwa a kan amsar ce kanta: wai Buckells ya yi ƙanƙanta, wai irinsa bai isa ya riƙe runduna guda a tafin hannu ba. A nan ne ƴan kallon suka yi kuskure, kuma kuskure ne da ba su kaɗai suke yin sa ba. Jama'a a ko'ina sun fi son a ce musu ɓarnar ma'aikata aikin wani dodo ne guda, mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda ke zaune a ɓoye yana juya kowa. Wannan labari yana da daɗin ji domin yana wanke kowa. In dodo ne, to ba laifin wanda ya sa hannu a takardar ƙarin girma, ba laifin wanda ya ga alama ya kau da kai, kuma ranar da aka kama dodon an huta. Buckells ya hana su wannan hutu. Ƴan kallo sun gan shi a 2012, sun gan shi a 2017 da galo sabo, sun gan shi a 2021 da wani galon a kai, kuma ba ranar da ya yi aikin kirki. Wa ya riƙa ɗaga shi? Wa ya karanta rahotanninsa ya ce sun yi? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Lalacinsa ne ya zame masa mayafi, domin duk binciken da ya kashe da gangan sai a ce ai halinsa ne, a wuce.

Mercurio kuwa ba daga iska ya ɗauko wannan ba. Zango na shida ya ginu ne a kan kisan wata ƴar jarida, Gail Vella, wadda aka siffanta da Daphne Caruana Galizia, ƴar jaridar Malta da aka kashe da bam a cikin motarta a watan Oktoba na 2017. Abin da Vella take tonowa shi ne mutuwar wani saurayi baƙar fata a hannun ƴan sanda, Lawrence Christopher, sunan da aka haɗa daga mutum biyu na gaskiya: Stephen Lawrence, wanda wasu samari farar fata suka kashe a Landan a 1993, da Christopher Alder, wanda ya mutu a ofishin ƴan sanda na birnin Hull a 1998. A shari'ar Lawrence, sai a 2012 aka samu mutum biyu da laifi, bayan shekara kusan 19. Rahoton Macpherson na 1999 bai gano wani dodo ba. Abin da ya gano shi ne rashin iya aiki, da gazawar shugabanni, da wariyar launin fata da ta zauna a jikin hukumar.

Mako shida bayan daren da ƴan kallo suka yi fushi, ranar 15 ga watan Yuni na 2021, sai ga wani rahoto ya fito a kan Daniel Morgan, mai binciken sirri da aka sare da gatari a wurin ajiye motoci na wata mashaya a kudancin Landan a watan Maris na 1987. An yi bincike a kan bincike, ba wanda aka taɓa samu da laifin kisan. Kwamitin da aka kafa a 2013, wanda Nuala O'Loan ta shugabanta har ƙarshe, ya shekara takwas yana aiki, ya kuma koka da yadda rundunar Landan ta riƙa jinkirta ba shi bayanai. Hukuncinsa shi ne, hukumar da ke ɓoye gazawarta domin kare sunanta, wannan ɓoyewar kanta wani nau'i ne na cin hanci da ya zama jiki. Shugabar rundunar ta lokacin, Cressida Dick, ta ƙi yarda da wannan kalma. A 2023 rundunar ta nemi gafarar iyalin Morgan ta biya su diyya, shekara 36 bayan kisan.

Duk wanda ya karanta wannan, ya koma ya dubi mintocin ƙarshe na wasan, zai ga cewa masu fushi sun tashi daga gaban telebijin kafin a gama. Ga yadda aka rufe: Osborne, wanda yana cikin jami'an da suka lalata binciken mutuwar Lawrence Christopher, yana nan kan kujerarsa yana gaya wa duniya cewa ɓata-gari ƴan ƙalilan ne, hukuma kuwa lafiyarta lau. An tilasta wa Hastings ritaya. An shirya haɗe sassan binciken cin hanci wuri guda a zaftare ma'aikatansu. Rundunar kuma ta nemi kotu ta hana a saurari hujjojin da suka shafi ruɓewar hukumar, da sunan kare maslahar jama'a. An kama na huɗu, amma tsarin da ya raine shi ya fito da ƙarfinsa fiye da da. Ga abin da ya kamata ya tayar da hankalin ƴan kallo, sai suka ɓige da jayayya a kan ko Buckells ya yi kama da babban ɓarawo.

Wannan darasi bai buƙatar mutum ya san Landan kafin ya gane shi. Ma'aikacin da ya daɗe a bakin aiki ya san irin Buckells: wanda dosiye ke ɓacewa a hannunsa, a ce mantuwa ce, wanda ba ya musu da na sama, ba ya tambayar daga ina umurni ya fito, don haka kullum shi ake tunawa da shi in za a cike gurbi. Ɗan kasuwa ma ya san cewa abin da ke cinye ribarsa a kan hanya ba mutum guda yake ɗauke shi a dunƙule ba, tebur-tebur ne da shinge-shinge, kowa da ɗan abin da yake gutsura, kowa kuma yana cewa shi ƙaramin ma'aikaci ne. Matsalar jama'ar da ke jiran dodo ita ce saukin yaudara. In aka miƙa musu babban suna guda, sai su yi tafi su watse, a bar sauran a kan kujerunsu. In kuwa bincike na gaskiya ya fito da jerin ƙananan sunaye, da takardun da aka sa wa hannu ba a karanta ba, da ƙarin girman da aka yi ba bisa cancanta ba, sai su ce ba a gano kome ba, su juya baya a daidai lokacin da ake buƙatar idonsu.

A watan Nuwamba na 2025 gidan BBC ya ba da sanarwar cewa wasan zai dawo da zango na bakwai, tare da ƴan wasan nan uku. Nan da nan tsohon zance ya farfaɗo, wasu suna fatan a ce musu Buckells ba shi ne ba, akwai wani babba a bayansa. Mai yiwuwa a ba su abin da suke so, domin gidan telebijin ma kasuwa ce, mai saye ake bi. In an yi haka za a sami daren nishaɗi, a yi asarar abu guda da ya bambanta wannan wasa da sauran wasannin ƴan sanda. Tambayar da ta rage wa Hastings da mutanensa ita ce sunayen waɗanda suka sa hannu a takardun ƙarin girman Buckells, ɗaya bayan ɗaya, da dalilin da ya sa har wasan ya ƙare a 2021 ba a zaunar da ko guda daga cikinsu gaban tebur a kan wannan ba.