Ba Kowace Matsala Ce "Babu Netwok" Ba



A ofisoshin gwamnati, duk abin da ya tsaya cak amsarsa ɗaya ce: "babu netwok". Mu ma masu rubutu mun rungumi wannan amsa, a gajeren labari ko a sharhi. Ma'aikaci bai ga albashinsa ba, sai mu rubuta cewa kwamfuta ce ta cinye. Da wane bakin?

Mu ɗauki IPPIS, tsarin biyan albashi na bai-ɗaya da gwamnatin tarayya ta fara a 2007 don kakkaɓe ma'aikatan bogi. Matsalolinsa ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai ta kayan aiki: an ɗauke wuta, janareta babu mai, intanet na jan ƙafa. Wannan kuɗi da kulawa ne maganinta. Akwai ta ma'aikacin da aka damƙa wa shigar da bayanai ba tare da horo ba, ya kuskure lamba ɗaya a asusun wani.

Wadda ta fi nauyi ita ce ta tsarin kansa. ASUU ba don na'ura ta lalace ta ƙi IPPIS ba. Hujjarta ita ce tsarin bai san yadda jami'a ke aiki ba: bai gane malamin da ya tafi hutun bincike ko wanda ke koyarwa na ɗan lokaci a wata jami'ar ba, ga kuma taɓa 'yancin jami'o'i. Ta kawo nata, UTAS. Rigimar na cikin dalilan yajin aikin wata takwas na 2022, sai a Disambar 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga IPPIS, har da foliteknik, inda wasunmu suka yi difloma. Wane injiniya ne zai gyara irin wannan da sukundireba?

Sai kuma son zuciya. Sunan mamaci ba ya shiga jerin masu albashi da ƙafarsa. Wani ya bar shi a ciki, wani ya sa hannu.

Idan muka haɗe su duka a buhu ɗaya, mai karatu zai tashi yana tsine wa na'ura, alhali mai sa hannun yana zaune lafiya lau. Don haka idan jarumin labarinmu ya yi wata uku babu albashi, mu bi takardarsa tebur-tebur, mu nuna a kan teburin wa ta kwana.