Hutu Ya Ƙare, Ina Jamusancin Bara?

Ga watan Satumba ya kama, an buɗe makarantu a nan Kamaru, mu malamai na Garwa mun koma bakin allo. Yau ina so in yi magana da ke, uwar da 'yarta ta yi shekara guda tana koyon Jamusanci, bana kuma ta komo don ta ci gaba.

Don wadda ba ta sani ba, a makarantun sakandare masu bin tsarin Faransanci, yaro in ya kai shekararsa ta uku sai ya zaɓi wani harshe, kamar Jamusanci ko Sifaniyanci ko Larabci. A ƙarshen shekara ta huɗu ya zauna jarrabawar da a ke kira BEPC, harshen nan kuwa yana cikin abin da za a tambaye shi. Watau yarinyar da ta komo mini bana, kamar wata 9 kaɗai ya rage mata.

To, ga abin da ya faru ran da muka fara. Na shiga aji, na gaishe su da Jamusanci, suka amsa. Sai na dubi wata yarinya wadda ita ta zo ta ɗaya bara, na tambaye ta shekarunta nawa. Ta miƙe, ta buɗe baki, shiru. Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe fuska. Da aka tashi ta biyo ni tana hawaye, ta ce, "Malama, wallahi duk ya zube. Gara in bari." Na ce mata, "Bai zube ba, 'yata. Kin taɓa ganin mamarki ta rufe wuta da toka da dare? Da safe sai ki ce ta mutu, amma in an tona an hura, ga garwashi ja wur."

Ba lallashi kawai na yi mata ba, gaskiya na faɗa. Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya yi bincike a kan mantuwa, ya buga abin da ya gano a 1885. Ya ga cewa mutum ya fi saurin manta abu a farkon kwanakin da ya koye shi. Amma ya kuma ga cewa in aka komo aka sake koyon abin, ba ya cin lokaci kamar na farko. Duk wadda ta taɓa barin tilawa ta komo mata ta san haka.

Don haka ni makon farko da na biyu ba na buɗe sabon darasi, ba na kuma yin gwaji. Tona toka mu ke yi. Mu kan fara da ƙirga. Bajamushe ba ya cewa ashirin da ɗaya, sai ya ce ɗaya da ashirin, einundzwanzig. 'Yan Islamiyya sai su yi dariya, don Balarabe ma haka ya ke yi. Sa'an nan mu koma kan jinsi. Mu Hausawa namiji da mace gare mu, su kuwa uku gare su: der na namiji, die na mace, das na abin da ba namiji ba mace. Abin mamaki, yarinya ma a wannan na ukun suka sa ta, das Mädchen! Amma akwai inda muka fi mai Faransanci sa'a. A Jamusanci rana mace ce, wata namiji, daidai da yadda mu ke cewa rana ta fito, wata ya tsaya. A Faransanci kuwa a juye su ke. In yara sun ga Hausarsu na taimakonsu, sai ki ga kunya ta ragu, baki ya buɗe.

Amma fa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni 'yan sa'o'i kaɗai na ke ganinta a mako, ke kuwa kullum tana gabanki. Kada ki ce ai ba ki jin Jamusanci. Ga abin da za ki iya.

Na farko, littafin rubutunta na bara, kada a yage shi a ƙunshe ƙosai ko gyaɗa. Nemo shi, ki ajiye mata. Rubutun hannunta ya fi kowane littafi saurin tuna mata.

Na biyu, ki ba ta minti 15 kullum bayan sallar magariba, ba aike, ba goyo. Kaɗan kullum ya fi mai yawa ran Lahadi kaɗai. In kuna madafa, nuna mata abu ta faɗa miki sunansa. Ruwa das Wasser, gishiri das Salz, tukunya der Topf. Ki sa ta koya miki. Wadda ta koyar ba ta mantawa.

Na uku, in ta yi tuntuɓe kada ki ce an yi asarar kuɗin makaranta. Magana irin wannan ita ce ruwan da ke kashe garwashin.

Na huɗu, ki turo ta tun ranar farko. Waɗansu iyaye su kan ce ai makon farko ba a karatu, bari ta ƙarasa talla tukuna. Kuskure ne babba. Wadda ta zo a mako na uku ta tarar an gama maimaici an wuce, ita ce za ta yi ta ɗingishi har ƙarshen shekara.

Wata za ta ce, me 'yata za ta yi da Jamusanci? Ai harshen nan ba baƙo ba ne gare mu. Jamusawa sun riƙe ƙasar nan daga 1884 zuwa 1916. Akwai cibiyar Goethe a Yawunde, inda a ke koyar da harshen a ba da takardar shaida. 'Yan Kamaru suna cikin ɗaliban Afirka da suka fi yawa a jami'o'in Jamus. Gidan rediyon Jamus kuwa tun 1963 ya ke magana da Hausa. Malama, tafinta, ma'aikaciyar jinya, duk ƙofofi ne. Don me 'ya'yan wasu za su shiga, namu su tsaya a zaure?

Abin da ya fi damuna shi ne bencin baya, inda yara biyu suka zauna bara, bana babu su. Wadda ta komo ta manta, na san maganinta. Wadda ba ta komo ba, ba ni da yadda zan yi sai ke kin taimaka. In maƙwabciyarki ce ta riƙe tata, ki shiga ki gaishe ta, ki yi mata magana da hankali.

Yarinyar nan mai hawaye fa? Jiya ita ta tashi ta ƙirga mana har 100, sau biyu kaɗai ta tsaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai mako mai zuwa. Allah ya raya mana su, ya ba su ilmi mai amfani, amin.