Sharhi: Furannin Kenya sun bar ƙasa, sun koma ɓawon kwakwa

A gaɓar tafkin Naivasha na ƙasar Kenya, inda ake noma mafi yawan furen wardi da ƙasar ke sayarwa Turai, saiwar shuka ba ta taɓa ƙasa a gonaki da dama. A cikin rumfunan leda, furanni na tsiro ne a kwami da aka cika da garin ɓawon kwakwa ko tsakuwar dutsen aman wuta, ana ɗiga musu ruwa haɗe da taki.

Tilas ce ta kawo wannan sauyi. Shekara da shekaru manoma na kashe tsutsotsin da ke cin saiwa da sinadarin methyl bromide, har Yarjejeniyar Montreal ta wajabta wa ƙasashe masu tasowa daina amfani da shi zuwa shekarar 2015, saboda yana lalata rigar ozone da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa. Fari na 2009, wanda ya janye ruwan tafkin matuƙa, ya ƙara matsa lamba. A sabon tsarin ana tara ruwan da ya tsiyaye, a kashe ƙwayoyin cutar da ke ciki, a mayar wa shuka. Furanni irin su anturiyam, wanda asalinsa dazuzzukan Kolombiya da Ekwado ne, sun ma fi son haka, domin saiwarsu na buƙatar iska.

Sai dai tsarin ya zo da nasa dogaro. Tsakuwar ana haƙo ta a Kenya, amma garin kwakwa galibi daga Indiya da Siri Lanka ake shigo da shi da kuɗin waje, kuma sai an wanke gishirinsa kafin a yi shuka. Idan famfo ya tsaya a tsakar rana, shuka ba ta da danshin ƙasa da za ta jingina da shi. Wannan tsada ce ke barin sana'ar a hannun manyan kamfanoni, ƙaramin manomi na kallo daga nesa.

Ga Nijeriya, darasin a fili yake. Badagiri na da kwakwa, tsaunukan Jos na da sanyin da wardi ke so. Abin da zai haɗa su shi ne masana'antar sarrafa ɓawon, tsayayyiyar wutar lantarki da ɗakunan sanyi a filayen jiragen sama, domin furen da aka yanka kwanakinsa ƙidayayyu ne.